Sigarin wuta da sigarin lantarki: amsar tambayar wani magidanci

  

Muna cikin babin abubuwan da ke ɓata azumi ne sai ga wata tambaya ta iso mana, wadda muka ga ba ta kamata a jinkirta ta ba. Wani magidanci ne ya aiko, kuma za mu sakaya sunansa da garinsu. Ya ce shi mashayin sigari ne fiye da shekara talatin. A farkon wannan wata ya tarar da wani abu cikin aljihun ɗansa mai shekara goma sha bakwai, kamar alƙalamin rubutu mai kauri, yana ƙamshin mangwaro. Da ya bincika aka ce masa sigarin lantarki ne. Ya kira yaron ya yi masa faɗa, sai yaron ya sunkuyar da kai ya ce: "Baba, ka yi haƙuri, amma taka ta fi tawa illa. Taka wuta ce da hayaƙi, tawa tururi ce kawai." Uban ya ce bakinsa ya mutu, ya rasa abin da zai mayar. Tambayarsa uku ce: shin gaskiya yaron ya faɗa, shin shi ma ya koma wa na lantarkin, kuma shin tururin yana karya azumi?

Mu almajirai ne, allo da littattafan fiƙihu muka sani, ba mu karanta likitanci ba. Amma addininmu ya umurce mu da tambayar ma'abota sani a kan abin da ya shige mana duhu, kuma mai fatawa da bai san haƙiƙanin abin da ake tambayarsa ba, ɓarnarsa ta fi gyaransa yawa. Saboda haka muka zauna da likitoci, muka sa aka kawo mana abin muka riƙe shi da hannunmu, aka buɗe shi a gabanmu, sa'an nan muka koma ga littattafanmu.

Bari mu fara da tsohuwar taba. Ganyen nan daga nahiyar Amurka ya fito, kuma bai iso ƙasashen Musulmi ba sai wajen shekarar 1600 ta miladiyya, wato bayan hijira da kimanin shekara dubu. Shi ya sa ba za ka tarar da sunansa a maganar magabata na farko ba. Da ya iso, malaman mazhabarmu ta Malikiyya suka yi saɓani. Shaihu Ahmad Baba na Tumbuktu ya yi rubutu yana ganin halascinsa. Shaihu Aliyu al-Ujhuri a Masar ya halatta wanda bai gusar da hankali ba. Shaihu Ibrahim al-Laƙƙani, shi ma a Masar, ya wallafa nasiha yana hani. Daga baya Shaihu Ahmadu Tijjani ya tsananta hani a kansa ga mabiyansa. Kada wani ya ɗauka waɗanda suka halatta sun yi sakaci. Manyan malamai ne, sun yi hukunci da abin da ido ke gani a zamaninsu: mutum ya sha, bai yi maye ba, ya tashi ya tafi gonarsa. Abin da ke faruwa cikin ƙirjinsa ba wanda ya gani.

Sai a 1950 wasu masu bincike a Ingila da Amurka suka nuna da hujja cewa shan sigari yana tare da ciwon dajin huhu, kuma a 1964 hukumar lafiya ta Amurka ta fitar da rahoton da ya tabbatar da haka a hukumance. Ku ƙirga da kanku: kimanin shekara ɗari uku da hamsin mutane suna sha kafin a tabbatar da abin da take yi musu. Ku riƙe wannan lissafi, za mu dawo gare shi.

Yau an san hayaƙin karan sigari yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kuma kimanin 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 kowace shekara, fiye da miliyan guda daga cikinsu ba su taɓa sa kara a baki ba, hayaƙin wasu suka shaƙa: matan aure ne, da yara, da abokan zama. Ta kuma ce cikin mashayan da ba su daina ba, har rabi taba ce ajalinsu. Da wannan ya bayyana, mafi yawan malaman zamaninmu suka tafi a kan haramci, domin sharaɗin da na farko suka dogara da shi, wato rashin cutarwa, ya faɗi. Mu ma a nan muke.

Likitocin sun rarrabe mana abu biyu da jama'a ke haɗawa. Akwai abin da ke ɗaure mutum, akwai abin da ke kashe shi. Mai ɗaurewa shi ne nikotin, wani sinadari da ke cikin ganyen, wanda ke kaiwa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa goma zuwa ashirin bayan zuƙa. Shi ke sa dattijo mai furfura ya fita tsakar dare neman mai tebur. Mai kashewa kuwa, mafi yawansa daga ƙonewar ganyen yake fitowa: kwaltar da ke liƙewa a huhu, da wata iska mai guba marar wari. Kun san wannan iska. Ita ce take kashe mutanen da suka shigar da kaskon gawayi ɗaki lokacin hunturu suka rufe ƙofa da taga suka kwanta. Mashayin sigari ita yake ɗura wa jininsa kaɗan kaɗan. Daga nan ciwon daji na huhu da baki da maƙogwaro, da bugun zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da numfashin da ke ƙuntata har mutum ya kasa takawa zuwa masallacin unguwa. Mai tarin tibi kuma idan yana sha, cutarsa ta fi tsanani.

Shi sigarin lantarki wani mai haɗa magunguna ne a ƙasar Sin, sunansa Hon Lik, ya ƙirƙiro shi a 2003. Shi kansa mashayi ne, mahaifinsa kuma ciwon dajin huhu ya kashe shi. Dabararsa ita ce a ba mashayi nikotin ba tare da ƙona ganye ba. Cikin abin akwai batir, da ƴar waya da ke yin zafi, da ruwa mai ɗanƙo wanda aka narkar da nikotin da kayan ƙamshi a cikinsa. Idan aka zuƙa, wayar ta yi zafi, ruwan ya zama hazo, ya shiga huhu.

To, ya kai mai tambaya, ga amsar farko, kuma mun san za ta yi wa wasu masu saurare nauyi. Ɗanka bai yi ƙarya ba. Da yake babu ƙonewa, babu kwalta kuma babu iskar gawayin nan, gubar da ke shiga jikin mai zuƙar na lantarki ba ta kai ta mai shan sigarin wuta ba, kuma tazarar tana da faɗi. A 2015 hukumar lafiyar al'umma ta Ingila ta ƙiyasta cewa illarsa ta gaza ta sigari da kashi 95 cikin ɗari. Wasu masana sun soki wannan adadi, sun ce ƙiyasin mutane ne ba awo ba, amma ko masu sukar mafi yawansu ba su ce biyun daidai suke ba. Mun ji ana yaɗawa a salula cewa na lantarki ya fi sigari kisa. Ba za mu faɗi haka a kan wannan kujera ba. Ba a kare gaskiya da ƙarya, kuma yaron da ya kama malami da ƙarya sau ɗaya a kan taba, ba zai sake yarda da shi a kan salla ba.

Amma inda yaron ya ce tururi ce kawai, nan ya kuskure. Tururin tukunya ruwa ne. Wannan kuwa akwai nikotin a cikinsa, sau da yawa mai ƙarfi ƙwarai. Idan wayar ta yi zafi da yawa, ruwan yana fitar da irin sinadarin da ake adana gawa da shi, kuma an sami ɓurɓushin ƙarfe, har da dalma, cikin hazon wasu. Kayan ƙamshin nan na mangwaro da na'ana'a, an yarda da su ne don ci, ciki ya san yadda zai yi da su. Huhu kuwa ba a halicce shi don ya karɓi komai ba sai iska. Nikotin ɗin da kansa yana ɗaga bugun zuciya da hawan jini, yana cutar da ɗan tayi a cikin mahaifiyarsa, kuma likitoci sun ce ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, saboda haka ya fi saurin kama matashi. Ruwan idan ƙaramin yaro ya same shi ya haɗiye, guba ne da ke iya kisa, ga shi kuma yana ƙamshin alewa. Batirin ma an sha samun ya fashe a aljihu ko a baki.

A Amurka, daga 2019 zuwa farkon 2020, an kwantar da mutum fiye da 2,800 a asibiti da huhunsu ya lalace bayan zuƙar irin waɗannan na'urori, 68 suka mutu, da yawa cikin waɗanda aka kwantar kuma matasa ne. Adalci ya sa mu faɗi cewa bincike ya gano yawancinsu wani mai ne mai kauri da ƴan kasuwar bayan fage suka gauraya cikin ruwa mai sinadarin wiwi. Darasin da ke ciki gare mu shi ne, mai zuƙa bai san abin da aka zuba masa ba. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ƙayyade nikotin kada ya wuce miligiram 20 a kowace mililita, alhali ana ƙera masu 50 ana kai su inda ba a awo. Wanda ɗanka ya saya a hannun wani a fada, wa ya auna shi, wa zai amsa idan ya yi ɓarna? Indiya ta hana sigarin lantarki gaba ɗaya a 2019. Faransa da Ingila, inda ake kafa hujja da su, dukansu sun hana sayar da irin wanda ake zuƙa a jefar a 2025, kuma yaɗuwarsa a hannun yara tana cikin manyan dalilansu.

Yanzu ku dawo da lissafin nan. Taba ta ɗauki ƙarni uku da rabi kafin asirinta ya tonu, kuma ciwon dajin huhu yakan ɗauki shekara ashirin ko talatin kafin ya bayyana a jikin mashayi. Sigarin lantarki bai daɗe da wuce shekara ashirin a duniya ba. Yaron da ya fara shi yana ɗan sha bakwai, babu likitan da ya taɓa ganin huhun irinsa yana ɗan sittin. Malamanmu na da suna da uzuri, ba su ga misali a gabansu ba. Mu mun gani.

Akwai ƙa'ida a wurin malaman usulu: idan cuta biyu suka haɗu, babu makawa sai an auka wa ɗaya, ana ɗaukar mafi sauƙi. Da wannan ƙa'ida samari ke kafa hujja ko da ba su san sunanta ba. Sai dai sun manta sharaɗinta, wato rashin makawa. Wanda gobara ta tare shi a kan soro, aka ce ya diro, karayar ƙafa ta fi masa ƙonewa. Amma wanda ke zaune lafiya a inuwa ya hau soro ya diro, yana cewa ai karaya ta fi gobara sauƙi, wannan sai a kai shi a duba hankalinsa. Ɗanka, ya kai mai tambaya, ba wuta a bayansa. Ba a auna na lantarkinsa da sigarinka, ana auna shi ne da iskar da Allah ya ba shi kyauta tun ranar da aka haife shi. A wannan ma'auni babu riba ko ta dala ɗaya, sai igiyar da ya sa wa wuyansa da kuɗinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasan da ke zuƙar na lantarki sun fi takwarorinsu yiwuwar komawa sigarin wuta da kusan ninki uku. Ga wanda bai taɓa shan taba ba, ba mu ga wata ƙofa ta halasci ba: cutar da jiki ne wanda yake amana, da ɓarnar dukiya, da bautar da kai ga abin da ba ya ƙosarwa ba ya kashe ƙishirwa. Mai sayar wa yara kuma, ya sani zunubinsa ya fi na yaran.

Kai kuwa uba, kai ne wanda ke kan soro. Abin da ya wajaba a kanka shi ne barin duka biyun, kuma ba ka da lokacin da ya fi wannan. Kana kame baki fiye da awa goma sha uku kowace rana, ba ɗan sanda a kanka, don Allah kaɗai. Likitoci sun ce bayan awa goma sha biyu da barin sigari iskar gubar nan takan sauka a jini zuwa yadda take ga kowa. Ke nan kullum kafin magariba jikinka ya fara wankewa, sai kai kuma ka buɗe baki da kara, wasu ma kafin dabino. Mun gani da idonmu a ƙofar masallatai, ladan bai sauke hannu daga kunne ba ashana ta kama. Ƙuncin barin taba, da ciwon kai da saurin fushi, ya fi tsanani a kwanaki ukun farko zuwa mako guda, sa'an nan yakan lafa cikin mako biyu zuwa huɗu. Sauran kwanakin watan nan sun isa ka haye mafi wuyar. Bayan shekara guda ƙarin haɗarin ciwon zuciya yakan ragu da rabi, bayan shekara goma na dajin huhu ya koma kimanin rabin na mai sha. Kada ka ce ka tsufa, mai shekara sittin ma yana cin ribar bari.

Ka kuma yi lissafin aljihu. Wanda ke kashe dala ɗari a rana, a shekara ya ƙona fiye da jika 180. Ka tambayi uwargida buhun hatsi nawa ke nan.

Idan ka gwada ka kāsa, ka sake gwadawa, mafi yawan waɗanda suka bari ba a karon farko suka bari ba. Ka je wurin ma'aikatan lafiya, akwai magungunan taimako, akwai wani manne da ake liƙawa a fata da cingam mai nikotin. Game da komawa na lantarki, masana kansu sun rabu: a Ingila ana ba manyan mashaya shawarar su yi tsani da shi, kuma gwaje-gwaje sun nuna yana taimakon wasu su bar sigari, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a mai da shi hanyar kowa ba. Abin da muke gani, Allah ne mafi sani, shi ne: wanda ya ƙure dabarunsa, likita amintacce ya ba shi shawara, to larura ce, ana kuma ƙaddara larura gwargwadonta. Ya bar sigarin wuta ɗungum, ya sa wa kansa wa'adin barin na lantarkin, kada ya zuƙa gaban iyalinsa. Wanda ya haɗa biyun, na lantarki a gida sigari a kasuwa, ya yaudari kansa, domin an gano cewa kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin haɗarin ciwon zuciya na mai shan ashirin.

Kada masu shisha su ce ba da su ake ba. Ruwan da ke cikin tulun sanyaya hayaƙi yake yi, ba ya tace guba, ga gawayi a kai, kuma zaman awa guda yana iya shigar da hayaƙin da yawansa ya kai na kara ɗari. Haka masu cusa garin taba da kanwa a leɓe, ciwon dajin baki yana nan yana jira. Tun 2006 ƙasarmu take da dokar da ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, amma ba mu ga dokar da za ta shiga ɗakin da jariri ke kwance ba in ba tsoron Allah ba.

Saura mas'alar azumi. An gaya mana wasu samari suna zuƙa da rana suna cewa ba ci ba ne ba sha ba ne. Wannan malamanmu sun gama da shi tun kafin a san lantarki. A Mukhtasar na Shaihu Halilu an ambaci turaren wuta cikin abin da isarsa ga maƙoshi ke ɓata azumi, masu sharhi kuma suka haɗa da tururin tukunyar abinci idan mutum ya shaƙe shi da gangan, domin abu ne mai jiki da ke shiga. To ina ga hazon da aka saya da kuɗi, aka sa a baki, aka ja da niyya, ana jin ɗanɗanonsa? Azumi ya karye da sigari, da na lantarki, da shisha, da tabar leɓe idan ɗanɗanonta ya sauka. Ramuwa ta wajaba, malamai da yawa kuma sun ɗora kaffara ga mai ganganci, saboda haka wanda ya aikata ya je ga malamin garinsu ya faɗi yadda abin ya auku, kada kunya ta hana shi. Wanda hayaƙin wani ya shige shi a tasha ko cikin mota ba da nufinsa ba, babu komai a kansa. Mannen fata kuwa, malaman zamani da yawa sun ce ba ya karya azumi tun da ba ta wata kafa ya shiga ba, amma cingam sai bayan faɗuwar rana.

Ya kai mai tambaya, ba za ka iya karɓe abin da ke aljihun ɗanka ba alhali kwali yana naka. Idan an sauko daga asham yau, ka kira shi ku biyu kaɗai, ka ce masa a wannan magana ya fi ka gaskiya, ka fitar da kwalinka ka ajiye a tabarma, ka ce ya ajiye nasa kusa da shi. Ka gaya masa yadda ka fara, da shekarunka a lokacin, da sau nawa ka yi niyyar bari ka kāsa. Allah ya dafa muku, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya karɓi ibadunmu.

Ga mai kula da na'ura yana ɗaga mana hannu, lokaci ya cika. Gobe in Allah ya kai mu za mu koma inda muka tsaya, a kan hukuncin allura da ɗigon ido ga mai azumi.